Galan Mai Jan Layi

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Asabar, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, ya bar Lugbe tana ƙamshin ƙasa. Ko ganye ba ya motsi. Irin safiyar da Injiniya Lukmanu ya yi wata bakwai yana roƙon Allah ya ba shi ke nan, don abin da muke ƙerawa ba ya shiri da iska mai ƙarfi.

Lema mai inji muke yi. In ba ka taɓa gani ba, ka ɗauka Keke Napep ce aka cire mata rufi, aka bar kujera ɗaya da ƙafa uku, aka ɗaura mata inji da farfela a baya. Sama da ita kuma ga wata ƙatuwar lema ta yadi marar nauyi, sirara-siraran igiyoyi ne suke haɗa ta da keken, sha shida a dama, sha shida a hagu. In inji ya tura, iska ta cika lemar, sai ta ɗauki mutum da kekensa ta yi sama.

Mu huɗu ne kamfanin gaba ɗaya, a wani dogon shago mai rufin kwano bayan masu buga bulo. Injiniya shi ne mai wurin, da can a ma'aikata yake aiki ya ajiye. Baba Solomon, mutumin Kagoro, shi ke walda da gyaran inji. 'Yarsa Perpetual ita ce matuƙiya, sai da ta je wata ƙasa ta koyo. Ni kuma Naziru, ni ne tela.

Kafin nan rigunan 'yan makaranta nake ɗinkawa a wani kwantena a Dutse Alhaji. Injiniya ya kawo mini gyaran jakarsa wata rana, ya tsaya yana kallon layin ɗinkin, ya ce ko ina iya yin irinsa mita goma ba tare da ya karkace ba. Na ce sai an gwada. Shekara ɗaya da rabi ke nan. Yanzu a layinmu Inna cewa take yi ɗanta jirgin sama yake ɗinkawa, ni kuma ba na gyara mata, don ba ta yi nisa da gaskiya ba. Har sunana Injiniya ya sa a takardun da ya kai hukuma. Ban taɓa samun wurin da na so kamar shagon nan ba.

Ran nan ce za a yi tashin farko a gaban ma'aikaciyar hukuma. A Lugbe ba a tashi, jirage na sauka ta saman kanmu, don haka wani fili aka ba mu can gaba da Kwali, daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa tara. Muka ɗora keken a bayan a-kori-kura, muka ɗaure, lemar tana cikin buhunta a kan cinyata. Injiniya na tuƙi, Perpetual na gefensa, ni da Baba Solomon muna baya.

Wajen Giri Perpetual ta zaro takardarta ta fara bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai, an zuba. Farfela, an ɗaure. Birki, an gwada.

"Igiyoyi fa, Oga?"

"Na dama ni na yanka da hannuna. Na hagu Tela ya yanka ranar Laraba, ina Garki wajen takardu. Duka an ja su da kilo biyar."

"Kilo biyar ɗin galan ɗin nan naka na ruwa?" Ta yi dariya. "Kamfanin jirgi da ma'aunin mai koko."

"Ki raina shi dai. Lita biyar kilo biyar ce ko a Jamus. Muddin ruwa ya kai jan layin nan da na zana, ma'auni ne. Igiya miƙewa take yi in ta ji nauyi. Wanda ya yanka bai ja ta da kilo biyar ba, in ta hau sama sai ta ƙara tsawo, lema ta riƙa janye ki gefe."

Suka wuce zuwa maganar hular kwano. Ni kuwa sai na ji buhun da ke cinyata ya yi nauyi.

Ga yadda ake yankan igiya a wurinmu. Akwai dogon tebur a jikin bango, ƙusa a wannan ƙarshen, ƙaramar taya a wancan. Ka maƙala igiya a ƙusa, ka bi da ita ta kan tayar, ka rataya mata galan, ka auna, ka sa alama, ka yanka. Haka Injiniya ya nuna mini, kuma haka na yi. Bai ce mini komai a kan ruwan ciki ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka galan ɗin don kada igiya ta nannaɗe ne kawai. Jan layin kuwa na gan shi, na zaci alamar mai shi ce.

To ranar Laraba an yi rana irin ta kafin saukar damina. Famfo ba ruwa, mai ruwa bai zo ba, Baba Solomon ya tafi kasuwar ƙarfe, ni kaɗai ne a shago. Da azahar ta yi na duba randar roba ba ko ɗigo, sai na tsiyayi buta ɗaya a galan na yi alwala. Ina idar da salla sai ga wasu mata biyu Gbagyi da itace a kafaɗa, sun tsaya a inuwar ƙofarmu. Babbar ta ce, "Yaro, ruwa." Wa zai ce babu alhali ga shi a rataye? Suka sha, suka wanke fuska, na cika musu gorarsu. Abin da ya rage bai fi kofi huɗu ba. Na mayar da galan na rataya, na yanka igiyoyi sha shida, na ɗinke kunnuwansu. Har daɗi na ji da ya yi sauƙi, don maigidana na Dutse kan bugi hannun duk wanda ya ja yadi yana awo. Washegari mai ruwa ya zo, na cika galan har wuya. Babu wanda ya sani.

Abin da ya fi damuna ke nan a cikin motar, babu wanda ya sani. In na yi shiru, shi ke nan.

Muka tsaya a Gwagwalada, Baba Solomon ya sayo ƙosai a takarda. Ya miƙo mini, na ce na ƙoshi.

"Tela, ba kai za ka tashi ba, kai ne kana tsoro?" Ya tura mini takardar a hanci. "Ni da 'yata ce za ta hau ma ina ci. Ci mana."

Na ɗauki ɗaya na riƙe har ya huce a hannuna.

Na yi ta lissafi a zuci. Wataƙila bambancin bai kai ya kawo ba. Wataƙila ɗan yatsa ne, Anti Perpetual ta iya aikinta, za ta gyara da ƙafa ba tare da ta ma lura ba. In kuwa na yi magana, tashin yau ya rushe, wata bakwai na hawa da saukar bene a Garki ya tafi a banza, kuma ni ne sila. Na hango kaina na koma kwantena, ina ɗinka wando mai roba, Inna tana ba maƙwabta amsa. Sai kuma in ɗaga ido in ga ƙeyar Perpetual, ta ɗaure kitsonta da jan ƙyalle, tana 'yar waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Sau uku na buɗe baki. Sau ukun mota na faɗawa rami ko wani ya riga ni magana, sai in ce to bari mu isa.

Filin gonar wani mutum ce da bai shuka ba, shimfiɗaɗɗe, ciyawa ta fara tsirowa, ga wata ɗorawa guda a gefe. Muka sauke keke. Na kafa sandar ƙyallen da ke nuna iska, ƙyallen ya kwanta lakwas. Bakwai da minti goma wata farar mota ta iso, Hajiya Sa'adiya, ma'aikaciyar hukumar, ta fito da fayil a hannu da takalmin roba a ƙafa. Ba ta da yawan magana. Ta gaisa da kowa, har ni, ta zagaya keken tana taɓa ƙusoshi tana rubutu.

Muka shimfiɗa lemar a bayan keke, shuɗi da ruwan ɗorawa, kowane layi nata ni na bi shi da keken ɗinki. Aikina ne in warware igiyoyi in tabbatar babu wadda ta hau wata. Na gama na dama. Na koma hagu, na riƙe su a tafin hannuna. A ido ba su da laifi ko kaɗan.

Perpetual ta sa hular kwano. Baba Solomon ya cire tasa hular, ya ɗora hannu biyu a kafaɗunta, ya sunkuyar da kai yana addu'a da yarensu. Ban ji me yake cewa ba, sai dai muryarsa ba irin ta mai ƙosai ba ce. Nan na saki igiyoyin na miƙe.

Injiniya yana tsaye kusa da Hajiya yana nuna mata wata takarda.

"Oga, ina da magana."

"Bayan an sauka, Tela."

"Ba za ta jira ba, Oga."

Ya dube ni. Na so ya matso gefe, bai matso ba, dole na faɗa a gaban baƙuwa. Na faɗi ta alwala, na faɗi ta matan, na faɗi kofi huɗu. Ban ɗaga kai ba har na gama.



"Tsaya," in ji Injiniya a hankali. "Ma'aunina ka yi alwala da shi?"

"E, Oga."

"Ragowar kuma ka shayar."

"Sun roƙa ne, Oga."

"Sun roƙa." Ya cire hularsa ya mayar. "Inna lillahi. Tun Laraba, sai yanzu, saura minti goma?"

"Sai a mota na san amfanin ruwan."

Perpetual ta taho tana kwance igiyar hularta. "Me ya faru? Wa ya mutu?"

Hajiya ce ta yi magana. "A auna mana. Kuna da ma'auni a nan?"

Ba mu zo da galan ba. Amma akwai jakar fiya wata a mota, Baba Solomon ya ce kowace leda rabin lita ce, goma ke nan kilo biyar. Muka ƙirga goma muka zuba a buhu. Muka cire igiya ɗaya ta hagu da 'yar'uwarta ta dama, muka ɗaure bakinsu a reshen ɗorawa, muka bi da su ta kan ƙarfen bayan mota, muka rataya wa kowace buhun bi da bi. Haka muka yi har sau uku, igiya daban-daban. Injiniya ya riƙe tef, Hajiya ta sunkuya tana karantawa da kanta.

Ta farko, ta hagu ta fi da santimita biyu. Ta biyu, biyu da rabi. Doguwar ta baya, uku da ɗan wani abu.

"Nawa littafinku ya yarda?" in ji Hajiya.

"Ɗaya," in ji Injiniya, kamar an matse kalmar daga bakinsa.

"Oga, uku fa ba komai ba ne," in ji Perpetual. "Zan taka dama in riƙe ta. Zagaye ɗaya in sauko. Iska ma babu."

"Ba za ka hau ba," in ji Baba Solomon. Shi kowa kai ne a bakinsa, har 'yarsa.

"Baba, na tuƙa wadda ta fi wannan karkata."

"Ba a gabana ba. Cire wannan kwano."

Hajiya ta rufe fayil. Ta ce ko da uban ya yarda ita ba za ta yarda ba, kuma izinin yau na yau ne kaɗai. Za ta rubuta cewa kamfani ne da kansa ya gano matsalar kafin tashi. Amma tana da tafiya, sai bayan mako uku za ta iya sake fitowa, shi ma in ofis ya amince.

Injiniya ya juya mana baya, ya tsaya yana kallon filin. Rana ta fito sosai, ƙyallen iska na nan a kwance, ga sama tas babu gajimare ko ɗaya. Ni dai na fi son a ce zagina ya yi.

Can Baba Solomon ya yi gyaran murya.

"Oga, wannan galan. Mai jan layi."

"Na'am."

"Ni ma ina ɗiba. In ƙarfe ya yi zafi, da shi ina kashewa. Tun bara."

Injiniya ya waiwayo.

"To ni ma sau ɗaya na zuba a radiyeta," in ji Perpetual. "Amma ni na san na awo ne, na mayar washegari."

"Kin sani, ba ki faɗa wa kowa ba?" in ji uban.

"Na ɗauka kowa ya sani!"

Hajiya ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Da ta nutsu ta ce, "Injiniya, ashe rijiyar unguwa ka rataya a tebur. A ina aka rubuta cewa kada a taɓa?"

 Shi Injiniya duk ranar da zai yi awo yakan cika galan ya kai layi da kansa, abin ya zame masa jiki har bai san yana yi ba. Wannan daga baya na gane. A lokacin dai cewa ya yi, "A naɗe," muka naɗe.

Muka dawo Lugbe. Da muka sauke kaya na ce, "Oga, sai Litinin?" Ya ɗaga hannu kawai ya shiga mota. Ban san ko sallama ce ko kora ba.

Lahadi na wuni a gida. Inna ta tambaya ko jirgi ya tashi, na ce an ɗaga. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Da la'asar na bi ta wajen tsohon kwantenanmu, na ga wani ya zuba kayan caji a ciki. Na tsaya na gaisa da shi na wuce.

Litinin na fito da wuri, na hau mota zuwa Berger, na sake wata zuwa Lugbe. Na zo da jakar leda a aljihu, saboda almakashina da ƙaramar sallayata da ke shagon, in ta kama in kwashe.

Na tarar Injiniya ya riga ni. Yana tsaye a bakin dogon tebur, hannun riga a naɗe. Na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba.

"Zo nan. Riƙe wannan."

Ya ba ni bakin wata igiya da ya maƙala a ƙusa, ya sa mata ɗigon alli daidai wani layi a tebur.

"Ja."

Na ja kaɗan.

"Ja mana, ba rigar amarya ba ce."

Na ja da ƙarfi. Ɗigon allin ya bar layin ya taho wajena, ina kallo. Na saki, ya koma.

"Ka gani? A sama nauyin mutum da inji ne a kanta. Yadi ba a ja, igiya ana ja. Da na nuna maka wannan tun ranar farko." Ya goge allin da babban yatsa. "Ban nuna maka ba."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Oga."

"Bai huce ba tukuna. Jiya ko barcin rana ban yi ba." Ya jawo sabon naɗin igiya daga ƙarƙashin tebur ya dire a gabana. "Talatin da biyu, hagu da dama, duka sabbi. Kai za ka yanka, ni in duba, Perpetual ta sake dubawa. Kowa ya sa hannu a takarda. Me ka tsaya kallo?"

A nan Baba Solomon ya shigo rungume da wani guntun ƙarfe, ya yi masa kunne da walda, ya shafe shi da jan fenti. Ya ce sau uku yana kai shi wurin mai sayar da gas ana ɗorawa a sikeli yana dawowa yana gogewa, sai da ya tsaya kilo biyar cif. Ya rataya shi a ƙarshen tebur, ya ja da baya.

"To, Malam Tela, ga shi. In kana iyawa ka yi alwala da wannan."

Perpetual da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, ban san lokacin da ta kuɓuce mini ba. Da rana kuma sai ga mai baro ya kawo randar ƙasa da murfi da moɗa, Injiniya ya ce a ajiye a inuwar ƙofa ta waje, inda mai wucewa zai gani. Bai yi wani bayani ba.

Kwana huɗu muka yi a kan igiyoyin. Da ina yin sha shida a yini ɗaya, yanzu takwas, don kowace sai ta bi ta hannu uku. Akwai guda biyu da Perpetual ta dawo mini da su a kan rabin santimita, na ce ai littafi ya yarda da ɗaya, ta ce littafi ba shi zai zauna a kujerar ba. Na sake su.

Ofis bai ba da mako uku ba, sai da aka yi biyar. Damina ta kankama, muka shiga zullumin ko za a samu safiya mai kyau. Ranar da aka sa, mun isa filin da hadari a gabas, ciyawa ta kai idon sawu, sai da muka sa aka sassabe hanya. Ƙyallen iska yana ɗan ɗagawa yana komawa. Hajiya Sa'adiya ta dubi sama ta dubi agogo, ta ce in za a yi a yi yanzu.

Na warware igiyoyi, dama da hagu. Perpetual ta zauna ta ɗaure bel, ta leƙo ta ƙarƙashin hular kwano.

"Tela, akwai wata magana? Faɗi yanzu, kada sai na kunna."

"Babu, Anti."

"Ba ka shayar da kowa komai ba?"

"Sai daga randa."

Ta ɗaga babban yatsa. Inji ya ɗauka, farfela ta kwantar da ciyawar baya, keken ya fara gudu. Lemar ta ja jiki a ƙasa, ta cika, ta miƙe tsaye a saman kanta, ba ta leƙa dama ba ba ta leƙa hagu ba. Ƙafar gaba ta bar ƙasa, na baya suka bi. Ban taɓa ganin ɗinkina daga ƙasa ba sai ran nan. Rana ta bi ta cikin yadin, kowane layi ya fito, har inda zare ya ƙare mini na sake ɗaurawa ina iya nunawa.

Ta wuce saman ɗorawa, ta yi kwana a kan rafin da ke ƙarshen gona. Wasu masu noma suka ajiye fartanya suna ihu suna ɗaga hannu. A rediyon hannun Injiniya muka ji muryarta tana cewa ta cire ƙafafunta duka biyu daga sitiyari, lema na tafiya miƙe ita kaɗai. Injiniya ya ce, "Alhamdu lillahi," sau ba adadi, ya dafa kafaɗata ya matse har na ji zafi.

Baba Solomon kuwa ko sau ɗaya bai ɗaga kai ba. Yana zaune a bakin ƙofar mota, ya cire tabaransa yana murzawa a hannu, yana tambayata, "Ya juyo? Yana saukowa?" Ni nake ba shi labari. Sai da ƙafafun keken suka taɓa ciyawa, lemar ta kwanta a baya, sannan ya jefar da tabaran a kujera ya ruga, dattijo da shi, yana tsallake ciyawa.

Hajiya ta ɗora fayil a kan mota ta sa hannu a wurare uku. Ta ce saura tashi huɗu irin wannan kafin a yi maganar sayarwa, kuma kowanne sai ta gani da idonta. Injiniya ya ce ko goma ne. Ta tambayi wanda zai riƙa sa hannu a takardar igiyoyi, ya nuna ni da biro. Ta ce in rubuta sunana a fili yadda za ta gane shi nan gaba. Na rubuta a hankali, harafi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce in yi sauri.

Hadarin ya fara matsowa, aka shiga haɗa kaya. Na je mota ɗauko buhun lema, sai na ga tabaran Baba Solomon a kan kujera, hannu ɗaya ya fita, 'yar ƙusar ta ɓace wajen murzar da ya sha. Na duba ƙasa ban gan ta ba. Ina da allura da zaren kaki a aljihun gaba. Na daidaita ramukan, na bi da zare sau shida, na ƙulle, na cije ragowar. Na buɗe na rufe, ya kama. Na goge gilashin da bakin rigata na mayar inda yake.

Can Baba Solomon ya dawo yana faɗa, wai ya ga ɗigon mai a ƙarƙashin inji, Perpetual na cewa raɓa ce. Ya miƙa hannu ya ɗauki tabaran ya maƙala a fuska, ya durƙusa a gindin keken yana leƙe.

"Raɓa ne yana da wari? Tela, miƙo mini sifana lamba goma."

Na miƙa masa, na koma naɗe lema kafin ruwa ya sauko.